Sista Geua, Wadda Ta Hana a Yi Makokina

Kullum da sassafe, motar haya ta farko da ta fito daga unguwarsu ce ke sauke Sista Geua Ravu a ƙofar asibiti. Jakar saƙa na rataye a goshinta ta sauka a gadon baya, yadda matanmu ke ɗauka, farin takalminta kuma yana ciki don kada laka ta ɓata shi. Masu sayar da buwai, ɗan itacen da ake taunawa kamar goro, a bakin ƙofa sun san ba ta taunawa, amma ba su fasa yi mata tayi.

"Sista, yau dai ki taɓa mana, ɗanye ne shar, jiya aka tsinko!"

"Ranar da kuka daina feshe min ƙofa da jan yawu, ku zo mu yi ciniki," in ji ta, ta wuce abinta.

Ɗakin da take aiki yana can ƙarshen baranda, inda ake kwantar da waɗanda numfashinsu ya gaza. Kowannensu da bututu a maƙogwaro, inji na hura masa iska yana saki. Tana shiga za ta wanke hannu, kuma kafin ta kula duk wani mai tafiya da ƙafarsa, sai ta gama gaishe da na kwance. Gado-gado take bi. Ta kira mutum da sunansa, ta ce masa ina kwana, ta gaya masa ranar da ake ciki, ko an yi ruwa, ko teku ta kwanta, ko ƙungiyar ƙwallonsa ta sake shan kashi. Tana magana hannunta na kan ƙirjinsa, tana jin ko ɓangarorin biyu suna ɗagawa tare. Sai ta zuƙe majinar da ta taru a bututu, ta tsiyaye ruwan da ya kwanta a tiyo, ta goge masa baki, ta ɗiga masa magani a ido, ta kira a taya ta juya shi. Sai ta gama da na ƙarshe sannan likita zai samu tasa gaisuwar.

Sababbin ma'aikata kan yi dariya a ɓoye. Wata ta taɓa yin ƙarfin hali ta ce, "Sista, mutumin nan fa ba ya ji."

Ta ce, "Ke kin tabbata? To ni ban tabbata ba."

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da ɗoriya a wannan ɗaki. Ba a taɓa sa hotonta a jarida ba, kuma na san in ta ga rubutun nan cewa za ta yi, "Malam Renagi da surutu." Ta faɗa, na ɗauka. Ni ne Renagi Pala, tsohon shugaban makarantar firamare a ƙauyenmu na gaɓar Rigo, nan kudancin Papua New Guinea, kuma kaf ƙauyen babu wanda zai yi mini shaidar shiru. Sau ɗaya tak na taɓa kama bakina a rayuwa, kuma a hannun matar nan aka yi.

Kafin in zo kan nawa, bari in faɗi na Hane, wadda ta daɗe tana goge daɓen ɗakin. Ta ce wata la'asar hadari ya ɗauke wuta, janareta kuma ya yi gardama. Injuna suka hau kuka, batirinsu na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A gefen kowane gado akwai jakar iska, wata roba ce mai girman gwanda da ake jona wa bututun a riƙa matsawa da hannu. Sista ta bi ta cire kowa daga inji ta jona masa jaka, ta danƙa wa duk wanda hannunta ya kai gare shi: 'yan aikinta, Hane da tsummanta, mai gadi, har da wani fasto da ya zo dubiya. Faston ya ruɗe, addu'a na gudu hannu na gudu. Ta dafa shi ta ce, "Fasto, baki ya yi sauri in yana so, hannu dai a hankali." Har wuta ta dawo ba a rasa kowa ba. Hane ta ce abin da ya tsaya mata a rai shi ne, da ƙura ta lafa, Sista ta sake bin gadajen tana ba na kwance haƙuri, tana gaya musu wuta ce ta ɗauke, ba wani abu ba.

Nawa ya faru ne da damina, shekaru sun fi goma yanzu. Na tafi gonar ayaba da hantsi, na taka ciyawa, na ji kamar an soka mini ƙaya biyu a idon sawu. Jan layin da ke bayansa kawai na hango yana shigewa, na san taifan ne, macijin nan mai mugun dafi. Aka ɗaure ƙafar, aka nemo mota, sai rafi ya cika ya tare hanya. Kafin mu isa birni dasashina na jini, fatar idona ta yi nauyi, harshena ya ƙi juyawa, yawu ma ya gagare ni haɗiya.

Likitar da ta karɓe ni, Dakta Arua, ta yi mini allurar maganin dafi, sannan ta gaya wa matata Konio gaskiya ba ƙumbiya-ƙumbiya. Maganin zai tare dafin da ke yawo a jini, amma wanda ya riga ya kama jijiya sai ya saki don kansa, kuma hakan kwanaki ne. Kafin nan ƙirjina ba zai iya ɗagawa ba, sai an yi mini numfashi. Aka sa ni barci aka zura bututu. Injunan ɗakin a wancan zamani ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma kowanne da mutum a kai. Saboda haka aka jona mini jaka, aka nuna wa ƙanena Gima yadda ake matsawa.

Da maganin barcin ya sake ni, sai na farka a cikin duhu. Ido ya ƙi buɗewa, hannu ya ƙi ɗagawa, murya babu. Kunnena kuwa garau, har fiye da da.

Mutanenmu ba sa zuwa asibiti ɗai-ɗai. Mota guda aka ciko, kuma ban san yadda suka yi da mai gadi ba, na dai ji sun cika kaina. A wajenmu, in ido ya rufe ƙirji ya daina motsi don kansa, magana ta ƙare. Mata su ɓarke da kuka, maza su aika gida a kafa rumfar makoki, a fara tunanin abin da za a ciyar da masu zuwa. Haka muka taso muka gani, kuma babu wanda ya taɓa gaya mana akwai mai kama da gawa alhali yana jin komai.

Gwaggona Boio ce ta buɗe fage. "Wayyo Renagi, ka tafi ka bar mu! Wa zai cika mana kunne yanzu?"

Kawuna Dikana kuma yana tsaye daidai saitin kunnena, yana ta tsare-tsare da muryar da shi a ganinsa raɗa ce. "An aika gida a kafa rumfa. Alade kuma wannan mai dabbare-dabbare nasa za a yanka, shi ya fi tsoka."

Wani ya ce, "Kusa da babansa za a sa shi ko?"

"Wajen akwai dutse, za a sha wahalar haƙa. A ɗan matsa ƙasa."

Yau abin dariya ne, ni ma ina yi. A ranar kuwa ban taɓa jin tsoro irinsa ba. Ba maganar kabarin ce ta firgita ni ba, hannun Gima ne. Kuka ya ci ƙarfinsa, ya yarda na tafi, matsawar ta fara nisa da juna. Ya matsa, ya tsaya ya share hanci, ni kuma ƙirjina na ci da wuta yana jiran ta gaba. Ina ihu a cikin kaina, Gima matsa, Gima ina nan. Abin da suke gani kawai mutum ne shimfiɗe ba motsi.

Sai na ji wata murya daga ƙofa, ba da ƙarfi ba, amma ta yanke kukan.

"Wa ya mutu?"

Kafin a amsa na ji jakar ta sauya hannu. Iska ta shigo a natse, ta cika ni, ta fita, wata ta biyo daidai lokacin da nake bukatarta.

"Na ce wa ya mutu? Ni ce mai ɗakin nan, ban san an yi mutuwa ba."

Kawu ya yi gyaran murya. "Sista, ai ga shi kina gani."

"Ina gani, Baba. Bari ku ma ku gani." Ta sunkuyo kusa da kunnena. "Malam Renagi, sunana Geua. Kana asibiti, maciji ne ya sare ka, dafin ne ya ɗaure ka, kuma zai saki. In kana ji na, motsa duk abin da zai motsu." Ta ce a yaye zanen da ya rufe mini ƙafa.

Na tattara duk abin da ya rage mini na aika ƙasa. Ban san ko ya isa ba, sai da na ji Konio ta ja numfashi da ƙarfi. Babban yatsan ƙafata ta hagu ya motsa.

"To kun gani," in ji Sista. "Duk abin da kuka faɗa ya ji. Har maganar aladen."

Can sai Kawu ya ce, "Ni fa cewa kawai na yi aladen ya yi ƙiba."

Ke ce kika dawo da ni cikin masu rai a idon dangina, Geua 'yar Ravu, kuma da tambaya ɗaya kika yi. Allurar Dakta Arua ta tsare mini jini, bututunta ya buɗe wa iska hanya, amma da an bar su sun ci gaba da makokina, hannun da ke kan jakar da ya saki.

Nan take ta raba su biyu. Mai son kuka ya tafi gindin mangwaro a waje ya yi iya son ransa. Mai son Malam ya rayu ya wanke hannu ya shiga layi, kuma mutum biyu kawai za su riƙa zama a bakin gado. Sai ga wata matsalar. Da suka gane ina da rai, ƙauna ta motsa, kuma mu masunta ne. Kowa ya karɓi jakar sai ya hau ta da hannu bibbiyu kamar mai kwarfe ruwa daga kwalekwalen da ke nutsewa. Ƙirjina ya kumbura, cikina ya yi tam, na ji kamar zan fashe.

"Kai, kai, kai! Ba jirgi ba ne, mutum ne," in ji ta. "Hannu ɗaya, rabi kawai. Ku kalli ƙirjinsa, da ya ɗaga ku saki, ku bar iskar ta fita da kanta."

Ta gwada sa su ƙirgawa. Mai tsoro kuwa ƙirgarsa ma gudu take. Ta gwada cewa su bi nasu numfashin, ashe nasun ma haki ne. Sai ta ce, "A cocinku, wace waƙa ce ta fi kowace jan ƙafa?"

Konio ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da hawaye. Akwai wata tsohuwar waƙar peroveta, irin waɗanda kakanninmu suka rera tun zuwan bishara, maza su ja layi mata su amsa. Ni ne mai koyar da mawaƙan coci, kuma na sha cewa waƙar nan kafin a kai ƙarshenta mutum ya yi furfura. Ita Konio ta ɗauko a hankali. Sista ta saurara, ta ce, "Ita ce. Farkon kowane layi ku matsa, sauran layin ku saki."

Abin ya zauna daram. Mutanen da ba su iya riƙe ƙirga ba, ba wanda ya isa ya sa su kuskure waƙar da suka sha a nono. Haka aka riƙa rera mini waƙar da na fi raina wa wayo, ƙasa-ƙasa don kada a dami sauran marasa lafiya, mai matsawa na ja, na kusa da shi na amsawa. Sista kuma tana zagayowa ta duba bututu, ta zuƙe majina, ta leƙa tulun oksijin, ta kori wanda ta ga ya fara gyangyaɗi ta kira na bayansa. Kowace safiya kuma sai na ji ta a kaina: "Malam Renagi, ina kwana. Yau Laraba, an yi ruwa, matarka ta ci abinci, ni na tsaya a kanta."

A kwance na haddace hannun kowa. Na Kawu mai tsauri ne, kullum kamar yana fushi da robar. Na Gima ya gyaru, bai ƙara sakaci ba. Na Konio yakan fara da sauri, sannan ya nutsu. Na Sista ba ya ɓuya, shi kaɗai ne in ya kama nake samun barci.

Ana haka sai wani da ke kan inji ya warware aka cire shi. Labari ya kai gindin mangwaro, dangi suka hau murna, hannuwa za su huta. Ni ma a cikin duhuna na yi ajiyar zuciya irin ta wanda ba shi da ikon yin ta. A safiyar nan kuma aka shigo da wata yarinya 'yar mutanen kan dutse, irin waɗanda ke noma a gefen birni. Ita ma taifan ne. Ba kowa tare da ita sai kakarta, tsohuwa tukuf wadda ko yaren birni ba ta ji sosai.

Na ji Dakta Arua da Sista sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Sannan takun Sista ya nufo ni. Ba ta fara zuwa wurin dangina ba, wurina ta fara zuwa.

"Malam, inji ya samu, amma ba kai za a sa ba. An kawo yarinya, ƙirjinta ƙarami ne, hannun da bai saba ba zai iya yi mata illa, kuma ba ta da masu matsa mata. Kai kana da gari guda. Ba izini na zo nema ba, likita ta yanke kuma na yarda da ita. Na zo ne don kada ka ji a bakin wani."

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya dawo sabo. Na san hannuwan nan sun fara kumbura, na ji ana ƙorafin gonaki da tarun da aka baro. Inji ba ya gajiya, ba ya gyangyaɗi. Da ina da baki a ranar, da an ji ni har bakin titi.

Kawu ya faɗa a madadina. "Haba Sista! Mu muka riga zuwa! Kwana nawa muna nan muna matsa robar nan? Sai wasu su sauko daga dutse yau-yau a ɗauka a ba su?"

"Baba, waiga bayanka."

"In ga me?"

"Waiga dai. Waɗancan duk naka ne. Yanzu dubi can." Daga baya Konio ta gaya mini abin da ya gani: tsohuwa zaune a ƙasa ita kaɗai, ta riƙe ƙafar jikarta da yatsun da ciwon gaɓɓai ya tanƙware, waɗanda ko lemo ba za su iya matsewa ba.

Kawu ya fita yana ƙunƙuni. Da rana ya dawo da gasasshen kifi da dafaffiyar ayaba a ganye, ya dire gaban tsohuwar, ya zo ya fizge jakar daga hannun Gima.

Sista kuma ta sake sunkuyowa ta ce, "Na ji ka yi fushi, bugun zuciyarka ya tona ka. Yi abinka. Amma ka sani ni ma na shiga layin." Kuma ta shiga. Lokacin cin abincinta a kaina take yin sa, hannu ɗaya da rogo hannu ɗaya da jaka. In ta tashi aiki sai ta ƙara zama kafin ta tafi neman mota. Da layin ya fara sirancewa, wasu sun koma gida, wasu yatsunsu sun sandare, ita ta je ta samo matan cocinsu, mutanen da ba su san ni ba ban san su ba. Konio ta koya musu waƙar, ita kuma ta koya musu hannun.

Geua, uwar marasa baki, kin hana ni inji kin ba ni hannunki, kuma kin gaya mini gaskiya a lokacin da ƙarya ta fi sauƙi, tunda ba ni da bakin da zan tuhume ki.

Ranar da na fi tunawa ita ce safiyar da ta zo gaisuwa ta dafa ƙirjina, sai ta yi shiru a tsakiyar magana. Konio ce ke riƙe da jakar. Ita kaɗai ce ba ta taɓa komawa gida ba, muryarta ta dishe har waƙar ta koma kamar shaƙewa.

"Konio, dakata."

"Na'am?"

"Daina matsawa."

"A'a, Sista."

"Na ji kamar yana ja da kansa. Ba zan sani ba sai kin tsaya. Ina nan, idona na kansa."

"Sista, don Allah kar ki sa ni. Ke kika ce in na tsaya ya tafi. Ke kika faɗa!"

"Ni na faɗa. Yau kuma ni ke cewa ki saki."

Konio ta ƙi. Tana kuka tana matsawa. Matar da aka ɗora wa ran mijinta a tafin hannu, ga shi ana cewa ta buɗe hannun. Sista ba ta fizge jakar ba, ko da yake da ta so da ta yi. Hannunta ta ɗora a kan na Konio, suka matsa tare, layi ɗaya, layi biyu, sannan ta riƙe yatsunta a buɗe. Waƙar ta tsaya.

"Malam Renagi," in ji ta, "an gaji da yi maka. Ja abinka."

Iska ba ta zo ba. Na jira, ba ta zo ba. Sai na nemi wurin da numfashi ke fitowa, abin da tun da aka haife ni ban taɓa tambayar inda yake ba. Na ja. Kamar in jawo kwalekwale kan yashi ni kaɗai. Wata 'yar iska siririya ta shigo. Na sake ja.

"Jakar na motsi," in ji Konio da raɗa. "Sista, tana motsi ba ni ba ce!"

"Ba ke ba ce. Shi ne."

Ba a ranar aka cire bututun ba. Sun riƙa bari na in ja kaɗan su taimaka, in ja su taimaka, har ƙirjin ya tuna aikinsa, fatar ido ta ɗaga, Dakta Arua ta gwada ni ta gamsu. Da aka zare shi dangi suka kewaye gado suna jiran kalmar farko daga bakin shugaban makaranta. Na nemi Kawu da ido, na ce da muryar da ta fi ta kwaɗo muni, "Aladena."

Yarinyar ma ta tashi. Na gan ta sau ɗaya, ranar da aka sallame su, tana tafe a hankali riƙe da jakar kakarta. Ban san sunanta ba, ban san inda take yau ba. Na dai san tana numfashi lokacin da ta wuce ta gaban gadona, kuma fushina ya bi ta ƙofar nan ya fita.

Rumfar da aka kafa don makokina ba a rushe ta ba, a cikinta aka yi godiya. Aladen dai bai tsira ba. Muka naɗe cinya mafi kyau a ganye muka kai wa Sista har asibiti, Kawu a gaba yana taƙama. Ta dube mu ta kwashe da dariya. Ashe 'yar cocin masu ibadar Asabar ce, ba ta cin alade. Ta sa aka kai wa masu jinya da ke gindin mangwaro, ta ce wa Kawu, "Baba, ka yi gaskiya, ya yi ƙiba."

Kada wani ya ɗauka kowa ke tashi a ɗakin nan. Da yawa ba sa tashi. Akwai huhun da ciwo ya cinye, akwai wanda aka kawo a makare. Waɗanda suka yi aiki da ita sun ce in lokacin ya zo da gaske, ita ce ke fita gindin mangwaro ta kira dangi, ta ce su shigo su yi masa magana tun yana nan. In an gama ta kashe injin da hannunta, ta zare bututun, ta goge masa fuska, sannan ta ce, "Yanzu ku yi kukanku." Sau da yawa da ita ake yi. Matar ba kuka ta tsana ba, kukan da ya riga lokacinsa ne ba ta yarda da shi.

A ƙauyenmu yanzu, in maciji ya sari mutum idonsa ya fara rufewa, ba mai ɗora hannu a ka. A ɗaure ƙafa, a hana shi tafiya, a nemi mota, wani ya zauna kusa da kunnensa yana gaya masa inda aka kai a hanya. Gwaggo Boio da kanta, kafin ta rasu, ita ke tsawata wa mata: "Ku rufe mana baki, yana jin ku!" Sista ba ta taɓa taka ƙauyenmu ba, amma ta canja mana al'adar da ta girmi kakana.

Ina alfahari da cewa ƙasar nan ce ta haife ta. Ga 'yan matanmu da samarinmu masu neman aikin da za su yi, ga aiki nan, ɗakin na bukatar hannuwa. Ga waɗanda za su gaje ta, an ƙaro injuna yanzu, sababbi masu allo da fitilu, kuma ina roƙon a ƙara wasu. Amma inji ba ya cewa ina kwana, wannan ku za ku yi. Kai kuma mai karatu, in wata rana ka tsinci kanka a bakin gadon wanda ba ya motsi, kira sunansa, gaya masa ranar da ake ciki, kuma ka bar maganar kabari sai ka fita waje.

Har yau in aka ɗauko waƙar nan a coci, Konio na zaune kusa da ni, sai in ji hannunta a damtsena yana matsawa a farkon kowane layi yana saki. Ba ta san tana yi ba, ni kuma ban taɓa gaya mata ba. Ban kuma ƙara cewa waƙar ta cika jan ƙafa ba.

Sista Geua, mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya huta da hannuwan nan. Saura abu ɗaya da ke tsakaninmu. Safiya bayan safiya kin tsaya a kaina kin gaishe ni, ni da ake yi wa kirari da surutu ban taɓa amsa miki ba. Da aka cire bututun kuma, alade na fara tambaya. To ga amsarki, ko da ta makara: lafiya lau na kwana, Sista. Duk na ji ki.